Ra'ayinmu: Darasin Dandaji Ga Garuruwan Da Suka Juya Wa Tsakiyarsu Baya

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata mun ga ya dace mu karkata ga wata mas'ala wadda ba a cika ɗaga murya a kanta ba, alhali kuwa ɓarnarta tana gudana a gaban idon kowa. Mas'alar ita ce halin da tsofaffin unguwannin ƙananan garuruwanmu suke ciki, wato yankin nan da ya haɗa ƙofar fada da masallacin Juma'a da tsohuwar kasuwa da gidajen da aka kafa garin da su. Duk wanda ya san garuruwan karkara na ƙasar Hausa, a Nijeriya ko a Nijar, ya san siffar da muke nufi. Bakin titi ya cika da shaguna da gidajen mai da hayaniyar 'yan acaɓa, amma da zarar mutum ya kutsa cikin gari sai ya tarar zaure ya rufta, katanga ta zube ta toshe lungu, rijiyar unguwa ta zama bola, marina ta cike da ƙasa, ba kowa a ƙofar gida sai tsofaffi da awaki. Gari yana yaɗuwa ta gefe yana ruɓewa ta ciki, mutanensa kuwa suna kiran wannan ci gaba.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan zance ne na masu sha'awar kayan tarihi kawai, domin akwai rai da dukiya a cikinsa. A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufin babban masallacin Zariya ya rufto wa jama'a suna cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, wasu kuma suka ji raunuka. Wannan masallaci shi ne wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda masana gine-gine suka daɗe suna rubuce-rubuce a kansa. Bayan shekara guda, a farkon watan Satumba 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Waɗannan fa gine-gine ne da ke kusa da fadojin manyan sarakuna, a birane masu jami'o'i da injiniyoyi, kuma labarinsu ya kai kunnen duniya. To, ina ga masallacin ƙaramin gari da soron dagaci da zauren malamin unguwa, waɗanda idan sun faɗi babu gidan rediyon da zai ambata? Hakika abin da muke rasawa a ƙananan garuruwa kowace damina ya fi abin da ake ba da labarinsa yawa nesa ba kusa ba.

Kafin a nemi magani wajibi ne a san cutar, kuma a ganinmu sababanta guda huɗu ne. Sababi na farko shi ne fitar da ayyukan jama'a daga cikin gari. Lokacin da aka shimfiɗa titunan kwalta, galibinsu sun bi ta bayan gari ne, sai tashar mota ta koma can, masu abinci da 'yan tireda suka bi ta, daga baya kasuwa kanta ta tashi. Da aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi a Nijeriya a 1976, sai aka riƙa gina sakatariya da kotu da asibiti da gidajen ma'aikata a filin da ke wajen gari, saboda a can ne ake samun fili ba tare da rigima ba. Wanda a da yake ratsa ƙofar fada sau uku a rana don biyan bukatunsa, yanzu yana iya yin wata guda bai taka wurin ba. Wurin da ƙafa ta daina takawa kuwa ido ma yakan daina ganinsa, sai tsaga ta fito a bango ta yi shekara ba wanda ya ce uffan.

Sababi na biyu shi ne gidan gado da ba a raba ba. Mai gida ya rasu ya bar gida mai sassa da yawa, 'ya'yansa sun watsu a Kano da Legas da Yamai da Kumasi, kowa yana jin nauyin ya ta da maganar rabo kada a ce ya ƙosa. Shekara ashirin ta wuce, wasu daga magadan su ma sun rasu sun bar nasu magadan, gida ɗaya ya zama na mutum arba'in. Babu wanda zai kashe kuɗinsa ya gyara abin da bai san iyakar rabonsa a ciki ba, kuma babu wanda ya isa ya sayar. Sai a bar wata gwauruwa ko wani ɗan'uwa marar ƙarfi yana tsaro, yana komawa daga ɗaki zuwa ɗaki gwargwadon yadda rufi yake faɗuwa. Da yawa daga kangayen da muke gani a tsakiyar gari jinkirin raba haƙƙi ne ya rushe su tun kafin ruwan sama ya ƙarasa aikin.

Sababi na uku shi ne mutuwar sana'ar gini da gyara. Ginin ƙasa na Hausa tsari ne cikakke wanda kowane ɓangarensa yake dogara da wani. Ana cura tubali a shanya shi a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yi rufi da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, idan ɗaki ya yi faɗi a ɗaure shi da bakan gizo, a fitar da ruwan rufi nesa da bango ta indararo. Daga waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi na ramin marina da gashin jima na majema da ruwan dafara. Mai karatu zai lura cewa magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar giginya da ɗorawa a dajin garin. Da marina ta mutu sai katsi ya yanke, da aka sare giginya ba a dasa wata ba sai azara ta yi tsada. A daidai wannan lokaci ne kuɗin man fetur suka shigo, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas, siminti ya zama alamar arziki, ginin ƙasa ya zama alamar talauci. Mafi muni shi ne al'adar lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, sai bango ya riƙa jiƙa yana rugurgujewa a ɓoye yayin da fuskarsa take sumul, har ranar da zai zube gaba ɗaya.

Sababi na huɗu shi ne toshe hanyar ruwa. Kududdufan da ke cikin tsohon gari daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina shi, kuma su ne suke karɓar ruwan damina daga lunguna. Da aka mai da su juji, daga baya aka cike su aka yanka filaye aka sayar, sai ruwa ya rasa mazauni, ya koma yana kwana a gindin katanga. Ga kuma ledoji da suka cika magudanai, ga rufin kwano da ake ɗorawa ba tare da an tsara inda ruwansa zai zuba ba, sai ya riƙa dukan bangon maƙwabci. Bangon ƙasa yana iya shekara ɗari matuƙar kansa a rufe yake kuma ƙafarsa a bushe, amma ba ya jure damina biyu yana tsaye cikin ruwa.

A gaban wannan hali mun ga mutane sun kasu gida biyu wajen neman mafita, kuma dukkansu sun kauce hanya. Kashi na farko su ne masu ganin a rushe komai a sake sabo. Wani attajiri ɗan asalin gari ya samu buɗi, yana son ya yi wa mahaifarsa alheri, sai ya sa a ture tsohon masallaci cikin kwana biyu a kafa na bulo da kwano da tayil. Niyyarsa kyakkyawa ce, muna roƙon Allah Ya ba shi ladanta. Amma sau da yawa abin da ake samu shi ne gini mai zafi kamar tanda a watan bazara, wanda ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuwa sai da wuta ko janareto, man janareto kuma sai an bi sahu da kwano ana tara kuɗinsa. An zubar da ginin da maginan garin suka san gyaransa, an kawo wanda ko gilashinsa ɗaya ya fashe sai an aika birni. Wannan yana kusa da almubazzaranci ko da an yi shi da sunan alheri.

Kashi na biyu su ne masu ganin a killace tsohon gari a hana taɓa shi don baƙi su zo kallo. Misalin da ya isa wa'azi a nan shi ne Gadamas ta ƙasar Libiya, garin da fatakensa suka daɗe suna kasuwanci da Kano ta hanyar Sahara. A shekarun 1970 da 1980 gwamnati ta gina sabon gari a gefensa, mutane suka ƙaura, tsohon garin mai rufaffun lunguna ya zama kusan ba mazauni, a 1986 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin lura shi ne mutanen garin sun ci gaba da komawa tsofaffin gidajensu a lokacin tsananin zafi don su sha sanyi, wanda yake nuna cewa ginin bai gaza ba. Amma gidan da ba a kwana a cikinsa kullum ba wanda zai ga ɗigon farko na yoyo, saboda haka gyaransa ya koma jiran hukuma da kuɗin waje. Idan haka ta samu garin da duniya ta san sunansa, to ƙaramin garin da ba baƙon da zai zo kallonsa ba shi da abin da zai jira.

Akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta a cikin ƙasar Hausa. Dandaji ƙaramin gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mai mutane kimanin 3,000. Tsohon masallacinsa na ƙasa ya tsufa ya fara lalacewa, kuma garin yana bukatar sabo. Maimakon a ture shi, sai masu tsara gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara aikin da aka kammala a 2018. An gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 kusa da tsohon, shi kuma tsohon aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu da wurin koyo na yara da manya, maza da mata. An sa wa wurin suna Hikima, don tunawa da Baitul Hikima na Bagadaza. Abubuwa biyu a cikin aikin sun cancanci a tsaya a kansu. Na ɗaya, an nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin aka sa su cikin gyaransa, suka haɗu da masu ilimin zamani kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Na biyu, sabon masallacin da bulon ƙasa aka gina shi, wato ƙasar yankin da ake matsewa da inji ta fito da ƙarfi da daidaito, ta kuma riƙe sanyin da aka san ginin ƙasa da shi. Aikin ya samu lambar zinare ta gasar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da lambar azurfa ta duniya a 2018.

Ba lambobin yabo ne suka ja hankalinmu ba, tunanin da ke bayan aikin ne. A cikin wannan shekara ta 2018 aka kammala wa Dandaji kasuwa, a gindin tsohuwar bishiyar da kasuwar mako take ci, da rumfunan bulon ƙasa da inuwar ƙarfe mai launi, domin kasuwar da take ci sau ɗaya a mako ta zama ta kullum. Idan aka haɗa waɗannan za a ga cewa an ba mutumin garin dalilai uku na zuwa wuraren taruwar garinsa kowace rana: ya zo salla, ya zo karatu, ya zo ciniki. Wannan shi ne darasin da muke son masu karatu su riƙe. Ana raya tsakiyar gari ne ta hanyar mayar mata da aikin da zai kawo mutane safe da yamma, gyaran gini kuwa yana biyo bayan wannan. Ginin da ake amfani da shi yana da masu kishinsa, kuma tsagarsa ba ta kwana ba a gani ba. Wanda aka yi wa fenti aka kulle aka ba wani maigadi mabuɗi, kwanansa ƙidayayyu ne.

Mun san mai karatu zai yi tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya: shin ya halatta a sauya wurin da aka yi wakafinsa don salla zuwa wani amfani? Malamai sun yi saɓani a kan sauya wakafi tun da daɗewa. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasashenmu, ta tsananta ƙwarai, har Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta hana sayar da hubusi ko da ya zama kango. Hambaliyya kuwa sun yi sauƙi idan amfanin wakafin ya yanke, kuma Ibnu Taimiyya ya faɗaɗa zuwa inda maslaha ta rinjaya. Daga cikin hujjojinsu akwai abin da aka ruwaito ya faru a Kufa a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ɓarayi suka fasa baitulmali, sai ya yi umarni a ta da masallaci daga inda yake, a sa baitulmali ta wajen alƙiblarsa, domin masallaci ba ya rabuwa da mai salla, tsohon wurin kuma ya zama kasuwar masu dabino. A cikin wannan labari akwai fiƙihun raya gari, wato kasancewar mutane a wuri ita ce tsaronsa. Duk da haka ba fatawa muke bayarwa ba, kuma ba mu ce kowane gari ya mai da tsohon masallacinsa ɗakin karatu ba. Wajibi ne kowane gari ya kai irin wannan mas'ala gaban malamansa kafin a ɗora hannu a kan gini. Abin da muke cewa shi ne, a Dandaji ba a rage wa jama'a wurin salla ba, ƙara musu aka yi, kuma karatu bai taɓa zama baƙo a masallaci ba. Inda tsohon masallaci yake da ƙarfi kuwa, mafi kyau a gyara shi a ci gaba da salloli biyar a cikinsa ko da an gina na Juma'a a wani wuri.

Haka nan muna so a fahimce mu da kyau, ba kira muke ga girmama tsohon gini don tsufansa ba, balle a jingina wa wani bango ko wata bishiya albarkar da ba ta da asali. Bango ƙasa ce, kuma ran mutum ɗaya ya fi kowane soro daraja, saboda haka duk ginin da masana suka tabbatar ba zai gyaru ba, a fitar da mutane daga cikinsa a sauke shi tun bai kashe kowa ba. Ba kuma muna cewa mazaunan tsohon gari su haƙura da duhu da rashin ruwa don a adana kamanninsa ba ne. Suna da haƙƙin famfo da lantarki da makewayi mai tsabta da hanyar da motar asibiti za ta shiga. Hujjarmu ita ce tattali da amana: abin da magabata suka kashe ƙarfinsu suka gina, wanda yake da sauran amfani, ba ya halatta ga mai hankali ya bar shi ya lalace sannan ya ci gonakin gari da sababbin filaye, ya jawo wa jama'a kuɗin sabon bututu da sabuwar waya da sabon titi.

Wani zai ce Dandaji ta samu gwanaye da kuɗin da ba kowane gari zai samu ba. Gaskiya ne. Amma a cikin jihar Tawa ɗin akwai ƙauyen Yama, inda a 1962 jama'a suka ɗora wa wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a, kowa ya ba da abin da yake iyawa, wani tubali, wani ɗiban ruwa, wani itace. Aka ci gaba da ƙara masa gyara da hasumiyoyi har zuwa 1982, a 1986 kuma ya samu lambar Aga Khan ta gine-gine. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda kowace shekara mutanen gari suna fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi ƙarƙashin jagorancin maginansu. Wannan shi ne aikin gayya da kakanninmu suka sani, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dandaji ma kanta wannan sharaɗi yana kanta, domin ɗakin karatu yana rayuwa ne muddin ana ƙara masa littattafai ana koyarwa a cikinsa, bangonsa kuma yana rayuwa muddin ana duba shi kafin kowace damina.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su fara da abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. A zagaya tsohon gari tare da dattawan magina bayan an gama girbi, a rubuta kowane gini na jama'a da halin da yake ciki, a ware wanda yake bukatar yaɓe da wanda yake bukatar sauya azara da wanda ya zama haɗari. A sa rana guda a shekara, kafin faɗuwar ruwa, ta yashe magudanai da gyaran indararo da yaɓen masallaci da zauren fada. A kuma hana cike sauran kududdufan da suka rage, domin duk filin da aka sayar a cikinsu gidajen talakawa goma ne za su biya kuɗinsa.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su sake tunani kan inda suke ajiye ayyukansu. Idan za a buɗe ajin yaƙi da jahilci, ko ɗakin shan magani, ko ofishin rajistar haihuwa, ko wurin koyon ɗinki, a fara dubawa ko akwai tsohon ginin hukuma a cikin gari, kamar tsohuwar kotun alƙali ko tsohon baitulmali, wanda za a gyara da kashi kaɗan na kuɗin sabon gini. Rijiyar burtsatse ɗaya da fitilu masu aiki da hasken rana a ƙofar fada suna iya mayar da masu shayi da masu ƙosai da ɗaliban dare wurin da suka bari. Idan kuma babbar kasuwa ta riga ta koma bakin titi, a bar 'yar kasuwar yamma ta cefane a tsohon wurinta, a gyara mata rumfuna.

Muna kira ga malamai da alƙalai da su ɗauki maganar gidajen gado da muhimmanci a wa'azi da zaman sulhu. A fahimtar da jama'a cewa gaggauta raba gado kiyaye zumunci ne, kuma a cikin magada akwai marayu da mata waɗanda haƙƙinsu yake narkewa tare da bangon. Shari'a ta buɗe ƙofofi da dama: a raba gidan idan yana rabuwa, ko a ƙiyasta kuɗinsa ɗaya daga magada ya biya sauran, ga kuma haƙƙin shuf'a da yake ba abokin tarayya fifikon sayen rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare. Idan magada duka baligai ne kuma sun wadata, suna iya haɗuwa su yi wakafinsa ya zama makaranta ko masaukin baƙi, ya zama sadaka mai gudana ga mahaifinsu.

Muna kira ga attajirai da ma'aikata 'yan asalin waɗannan garuruwa da ƙungiyoyinsu na ci gaban gari da su tambayi jama'a kafin su yi musu alheri, su kuma ware wani kaso na abin da suka bayar don gyara na shekara-shekara, domin gini ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle. Su ɗauki nauyin samari biyu ko uku su zauna ƙarƙashin tsofaffin maginan da suka rage, su koyi ɗaurin bakan gizo da haɗin makuba, sannan a tura su su koyi aikin injin matse bulon ƙasa. Waɗannan dattawa ba su da littafin da suka rubuta, iliminsu yana hannunsu, kuma kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu. A dasa giginya da ɗorawa a filayen gari, ko da wanda ya dasa ba zai ga azararsu ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kangon da aka bari a tsakiyar gari ba ya zama wofi, yakan zama juji, ko maɓoyar masu shaye-shaye, ko ramin da yaro zai faɗa, waɗanda suke kwana kusa da shi kuwa su ne iyayenmu tsofaffi da raunanan da ba su da halin ƙaura zuwa sabuwar unguwa. Damina mai zuwa ba za ta jira a gama taro ba. Muna fatan kowane mai karatu zai ɗauki wannan magana ya kai ta majalisar garinsu, a fara da gini ɗaya da magudana ɗaya da gidan gado ɗaya tun rani bai ƙare ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙarƙashin gine-ginen da suka rufta, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada, Ya raya garuruwanmu da ilimi da sana'a da zaman lafiya.